Lamba 41 ta Tavares: wa ya fi taka rawa a wasan, mai maki ko mai tsaron gida?

Sadiƙ Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da dare na sake kallon wasa na huɗu na ƙarshen gasar ƙwallon kwando ta Sifaniya, wato ACB, ta 2022, wanda Real Madrid ta ci Barcelona 81-74 ta ɗauki kofi. Da aka tashi sai aka nuna takardar alƙaluman 'yan wasa. A layin Edy Tavares na Madrid an rubuta maki 25, ribaun 13 (wato cafke ƙwallon da ta dawo bayan jifa bai shiga ba), sannan can ƙarshe akwai wani gurbi mai suna VAL, an sa 41. Maki da ribaun na gane su. Wannan 41 ɗin daga ina ta fito? Kuma na ga masu sharhinsu sun fi ambaton ta fiye da makin kansa.

Auwal Lissafi: Wa alaikumus salam. Sunanta valoración, wato ƙimar ɗan wasa a wannan wasan. Hukumar ACB ce ta fara aiki da ita a 1991, daga baya EuroLeague, gasar manyan ƙungiyoyin Turai, ma ta ɗauka. Lissafin ba shi da wuya. Ka tara duk abin alherin da ya yi: maki, ribaun, fas ɗin da aka ci da shi, ƙwace ƙwallo, toshe jifan abokin hamayya, da ketar da aka yi masa. Sai ka cire abin da ya ɓata: jifan da ya ɓarar, jifan kyauta da ya ɓarar, ƙwallon da ya zubar, jifansa da aka toshe, da ketar da shi ya yi. Abin da ya rage shi ne VAL. Kowane abu ɗaya ne a ma'auni, in ban da maki da ake ƙirga su yadda suke.

To ka duba. 25 da 13 sun ba ka 38. Duk da an cire masa abin da ya ɓarar da ketar da ya yi, sai da ya tashi da 41. Ma'ana kusan bai ɓarar da komai ba a daren, kuma 'yan Barcelona sun yi ta rungumar sa don ba su da wata dabara.

Sadiƙ Fagge: Allah ya saka, Malam Auwal. Kenan wannan lambar ta raba gardama. Duk wanda ya fi VAL shi ne gwarzon wasa, an gama.

Koci Tudun Wada: A'a ɗana, kada ka yi sauri. A wannan daren lambar ta faɗi gaskiya, domin Tavares ne gwarzo, kuma shi aka ba kyautar gwarzon wasannin ƙarshe. Amma ba lambar ce ta sa ya zama gwarzo ba. Ni abin da na gani a wasan ya wuce 41. Ka koma ka ƙirga sau nawa ɗan Barcelona ya kutso har ƙarƙashin kwando, ya ɗaga kai ya ga mutum mai tsawon mita 2.20, ya fasa, ya mayar da ƙwallo baya. Wannan babu gurbinsa a takarda. Ba a rubuta wa Tavares toshewa ba don ba a ma yi jifan ba. Shekara da shekaru ina koyar da yara, kuma abin da na fi shan wahalar cusa musu ke nan: jifan da ka hana a yi ya fi wanda ka doke, don wanda ka doke ƙwallon na iya komawa hannunsu.

Ɗan Damagaram: Koci ya faɗi gaskiya. Kuma dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, na taimaka masa. A NBA mai tsaro ba ya iya tsayawa cikin akwatin ƙarƙashin kwando fiye da sakan 3 in ba ya riƙe da wani. A Turai babu wannan dokar ga mai tsaro, sai dogo ya kafa turke a wurin. Shi ya sa Tavares bai zauna a Amurka ba, amma tun da ya zo Madrid a 2017 ya zama abin tsoro, har ya fi kowa toshe jifa a tarihin EuroLeague.

Auwal Lissafi: Ban musa muku ba, amma ni ba na son a riƙa cewa "takarda ba ta gani" sai a watsar da ita. Ido ma yana ruɗi. Mutum zai ga an zura ƙwallo ɗaya mai ƙayatarwa ya manta da shida da aka ɓarar. Takarda ba ta mantuwa.

Maman Hanif: Malam Auwal, takarda ba ta mantuwa, amma mutum ne ke rubuta ta. Na yi wasa a makaranta, bayan na daina kuma na sha zama a teburin ƙirga a ƙananan gasa. Maki babu gardama a kansu, ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba. Amma fas ɗin ci fa? Na ba ka ƙwallo, ka buga ta sau biyu a ƙasa, ka kauce wa mutum ɗaya, ka ci. Ni na ba ka ci, ko kai ka nemo abinka? Wata rana ni da wanda muke zaune tare a teburi mun tashi wasa ɗaya, shi ya rubuta wa yarinya 7, ni na rubuta mata 4, kuma babu wanda ya yi ha'inci a cikinmu. Haka ribaun ɗin da mutum biyu suka taɓa, haka ƙwace ƙwallo: wanda ya taɓe ta ko wanda ta faɗa hannunsa? A ACB masu ƙirgar ƙwararru ne kuma suna da bidiyo, amma hukuncin ɗan Adam na nan a ciki.

Auwal Lissafi: Na karɓi wannan, Hajiya. Kuma tunda an zo nan, bari ni da kaina in fito da inda lissafin ke da rauni, don na zauna na gwada shi. Ku ɗauki mutum biyu, misali ne kawai. Na farko ya yi jifan maki uku sau 10, 4 suka shiga. Maki 12 ke nan, ya ɓarar da 6, VAL ɗinsa 6. Na biyu ya yi jifan maki biyu sau 10, 6 suka shiga. Shi ma maki 12, ya ɓarar da 4, VAL ɗinsa 8. Jifa goma-goma, maki sha biyu-sha biyu, amma lambar ta fifita na ƙarƙashin kwando. Alhali mai jifan nesa shi ke janye masu tsaro waje har dogon ya samu fili.

Ga wani kuma. In aka yi maka keta kana jifa, ka ci jifan kyauta biyu, ka samu 2 na maki da 1 na ketar, 3 ke nan. Daidai da wanda ya zura daga bayan layin mita 6.75. Allon maki ya ba ɗaya 2, ya ba ɗaya 3, amma VAL ta daidaita su.

Alhaji Badalona: Sannunku da muhawara. Ina nan zaune a Badalona ta Sifaniya shekaru da dama, kuma nakan je kallon Joventut, ƙungiyar garin, a filin Olímpic, inda aka buga ƙwallon kwando na gasar Olamfik ta 1992. Abin da Malam Auwal ya faɗa su ma mutanen nan sun san shi. In kana son misali mai rai, duba Giorgi Shermadini na Tenerife, ɗan Jojiya. Ya zama gwarzon ACB a 2021, ya sake a 2023. Ba ya tsalle, ba ya gudu, in ka gan shi a fili ba za ka ce shi ne ba. Amma yana karɓar ƙwallo kusa da kwando, ya jefa ta da ƙugiyar hannu, da wuya ya ɓarar, ana yawan yi masa keta, kuma yana cin jifan kyauta. Duk abin da lissafin ke so, shi yake yi.

Sadiƙ Fagge: To Alhaji, kana nufin bai cancanta ba?

Alhaji Badalona: Ya cancanta ƙwarai. Abin da nake nufi, ka tambayi wa ke ba shi ƙwallon a daidai inda yake so. Marcelinho Huertas ne, ɗan Brazil, wanda ya haura shekara 40 yana wasa. Shermadini ya yi masa shinge, ya juya ya nufi kwando, Huertas ya jira har mai tsaro ya ɗaga ƙafa sannan ya saki ƙwallo. Huertas ya samu 1 na fas, Shermadini ya samu 2, in da keta ya samu 4 a tashi ɗaya. Wanda ya yi tunanin shi ya fi samun kaɗan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma takarda layi-layi take raba mutane.

Koci Tudun Wada: Madalla Alhaji. Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda lambar ke hukunta mai tsaro. Yaron da ka ɗora wa aikin riƙe gwanin abokan hamayya zai yi minti 20 yana manne da shi, ya ratsa shinge goma, ya hana shi karɓar ƙwallo, ya yi keta uku a kan aikin. Bai yi jifa ba sai ɗaya, ya ɓarar. A tashi a rubuta masa VAL ƙasa da sifili. Wanda bai ga wasan ba zai ce gara da bai shigo ba. Ku dubi Alberto Díaz na Unicaja. Akwai daren da makinsa ba ya kai 5, amma ku tambayi masu riƙe ƙwallon da suka haɗu da shi a EuroBasket na 2022, wanda Sifaniya ta ɗauka.

Auwal Lissafi: Koci, a kan Díaz dai lissafin yana ɗan ganinsa. In ya tsaya aka banke shi alƙali ya busa, ana rubuta masa ketar da aka yi masa, kuma ƙwace ƙwallonsa na shiga.

Koci Tudun Wada: Ana rubuta masa 1. Amma me ya faru a fili? Ƙwallo ta dawo hannunku, gwaninsu ya ƙara keta ɗaya cikin biyar ɗin da ke fitar da mutum, kocinsu ya zaunar da shi a benci, 'yan kallo sun tashi tsaye. Duk wannan 1 ne, daidai da ribaun ɗin da ya faɗo hannunka bayan jifan kyauta babu mai ja da kai.

Nura Bet: Don Allah tunda kun san alƙaluman nan, wa kuke ganin zai wuce maki 15 a wasan ƙarshen mako? Ina son in haɗa tikiti.

Koci Tudun Wada: Nura, ba wurin wannan ba ne nan, kuma ina ba ka shawara ta uba ka bar ta. Ka zauna ka ji yadda ake karanta wasa, zai fi maka amfani.

Ɗan Damagaram: Bari in kawo abin da ke ruɗa masu zuwa daga kallon NBA. Wani abokina ya ga an ce Luka Dončić, ɗan wasan Madrid a lokacin, shi ne gwarzon ACB na 2018, ya duba ya ga matsakaicin makinsa a gasar bai kai 15 ba, ya ce wai wannan wace irin gasa ce. Na ce masa wasa a Sifaniya minti 40 ne, kwata huɗu na minti 10, ba 48 ba. Ƙungiyar NBA na kai hari wajen sau 100 a wasa, ta ACB 70 da 'yan kai. Sannan Madrid na buga ACB da EuroLeague a mako ɗaya, don haka koci ba ya barin kowa ya daɗe a fili. A watan Mayun 2018 Dončić ya yi maki 17, ribaun 10, fas na ci 10 a kan Betis cikin minti 22 da 'yan kai, yana ɗan shekara 19. Wanda bai duba gurbin minti ba, bai karanta komai ba.

Alhaji Badalona: Gurbin minti shi ne na farko da nake dubawa. Unicaja ta koci Ibon Navarro ta ɗauki Copa del Rey, wato kofin sarkin Sifaniya, a nan Badalona a 2023, ta fitar da Barcelona, ta fitar da Madrid, ta ci Tenerife a ƙarshe. In ka duba takardunsu za ka ga mutum goma sha suna raba minti kusan daidai, babu mai lamba mai ban tsoro. Wanda ke neman gwarzo a takardar Unicaja zai sha wahala, ga kuma kofi a hannunsu.

Sadiƙ Fagge: Yanzu kun rikita ni. Da farko na ɗauka na samu ma'auni, yanzu kun nuna mini ramuka ko'ina. Amma ni har yanzu ina ganin wanda ya yi 41 ba za a haɗa shi da wanda ya yi 3 ba, ko me ya yi a tsaro.

Maman Hanif: Ƙanena, a kan 41 babu mai ja da kai. Lamba in ta yi girma haka ba ta ƙarya. Arvydas Sabonis ya yi 66 a wasa ɗaya a 1995 da rigar Madrid, har yau babu wanda ya kamo shi a ACB, kuma babu mai cewa lissafi ne ya taimake shi. Matsalar tana tsakiya, tsakanin mai 14 da mai 8. A nan ne za ka ga mai 14 ya tara nasa bayan an riga an yi musu nisa da maki 20, mai 8 kuma ya yi nasa lokacin da wasa ke kan siraɗi.

Koci Tudun Wada: Tunda Hajiya ta kawo maganar lokaci, ga wasan da nake nuna wa yarana. Wasan ƙarshe na EuroLeague, Mayun 2023, a Kaunas ta Lituwaniya, Madrid da Olympiacos ta Girka. Sasha Vezenkov na Olympiacos ya zura wa Madrid maki 29, babu wanda ya kai shi a filin. Saura 'yan sakanni Olympiacos na gaba da maki ɗaya. Kocin Madrid na lokacin, Chus Mateo, ya kira hutu, ya tsara a ba Sergio Llull ƙwallo, mutumin da bai ci ko maki ɗaya ba tun farkon wasan. Llull ya ja ta dama, Moustapha Fall mai tsawon mita 2.18 ya fito masa, ya lulluƙa ta sama da hannunsa ta faɗa, saura sakan 3. An tashi 79-78, Madrid ta ɗauki kofin Turai na 11. Layin Llull a takarda: maki 2.

Auwal Lissafi: Koci, wannan labarin kowa na son sa, ni ma ina son sa, amma bari in tsaya a nan. Da jifan bai shiga ba fa? Da yau muna cewa koci ya yi kuskure ya ba wanda bai ci komai ba. Jifa ɗaya ba hujja ba ce. Abin da ya kai Madrid ga wannan sakan ɗin shi ne Sergio Rodríguez da ya riƙe su a kwata na ƙarshe, da Tavares da ya yi maki 13 da ribaun 10, kuma shi aka ba gwarzon gasar ta ƙungiyoyi huɗun ƙarshe, ba Llull ba. Masu zaɓen ba su bi jifa ɗaya ba.

Koci Tudun Wada: Ban ce Llull ne gwarzo ba, Auwal. Na ce kocin da ya san shi shekaru bai duba takardar daren ba da zai zaɓi wanda zai yi jifan. Ya san abin da mutumin ya saba yi a irin wannan lokaci tun zuwansa Madrid a 2007. In ka ce wannan ma alƙaluma ne, na shekaru goma sha, ba zan musa ba. Amma ba na daren ba ne.

Auwal Lissafi: A nan mun haɗu. Takardar wasa ɗaya ƙarama ce. Ta kaka guda, wasa 34, ta fi ta faɗin gaskiya nesa ba kusa ba.

Sadiƙ Fagge: Akwai wani gurbi kuma da na gani mai alamar ƙari da ragi. Shi ba zai magance matsalar mai tsaron ba?

Auwal Lissafi: Yana taimakawa. Yana nuna da maki nawa ƙungiyarka ta fi ko aka fi ta a lokacin da kake cikin fili. Mai tsaron da Koci ke magana a kai zai iya tashi da VAL 1 amma ƙari 15, sai ka san akwai abin da yake yi. Sai dai shi ma in ka yi sa'a kullum tare kake shiga da Tavares da Campazzo, gwanayen Madrid, lambarka za ta yi kyau ko kana tsaye ne kawai. A wasa ɗaya ba na ba shi nauyi sosai.

Ɗan Damagaram: Ni dai wanda nake bi da wannan gurbin shi ne Usman Garuba. Iyayensa 'yan Najeriya ne, a Madrid aka haife shi a 2002. Ya tafi Houston a 2021, ya dawo Madrid a 2024. Sau da yawa makinsa kaɗan ne, amma yana iya riƙe dogo ya kuma riƙe gajere mai gudu idan aka yi musanya, kuma ba kowane dogo ke iya wannan ba. Ranar da aka buƙace shi ya ci kuma ya ci: maki 24 da ribaun 12 a kan Anadolu Efes a 2021, yana ɗan shekara 19.

Maman Hanif: Irin su Garuba ne nake so 'yan matan da nake taimaka wa horarwa su riƙa kallo. Kowace na son ta ji an ce ta ci 20. Ranar da na fara rubuta musu abin da ba ya cikin takardar hukuma, wato sau nawa ta tare wa abokiyarta hanya ta samu ribaun, sau nawa ta taɓa ƙwallo ta karkatar da fas, sau nawa ta riga kowa komawa gida, sai wasansu ya canza cikin wata ɗaya. Wata da ba ta taɓa cin maki 6 ba ta zo ta ce mini, Anti, yau nawa na samu a taki takardar?

Koci Tudun Wada: Hajiya, don Allah ki turo mana hoton yadda kika tsara takardar. Ni a allo nake yi da alli, yana gogewa kafin a tashi.

Sadiƙ Fagge: Ni kuma zan koma kan wasan 2022 ɗin yau da dare da biro da takarda, in ƙirga sau nawa 'yan Barcelona suka fasa jifa saboda Tavares, kamar yadda Koci ya ce. Alhaji, in an kutso an fasa amma aka ba na waje ya ci maki uku, in sa a lissafin Tavares ko in bar shi?

Alhaji Badalona: Ka yi masa gurbi daban. Jasikevičius, kocin Barcelona na lokacin, da gangan yake sa a kutso don a janyo Tavares ciki a fitar da ƙwallo waje, don haka wani lokacin fasawar dabararsu ce, ba tsoro ba. Ka duba ƙafar mai ƙwallon: in ya tsaya cak ya juya baya, tsoro ne, in yana cikin gudu ya sake ta, shiri ne. Ka kawo mana lambobin biyu gobe.